Takardar Laifin Hanya: Abin Da Ya Kamata Hakimi Da Malaminsa Su Sani

Wannan shi ne jawabin da aka yi wa Hakimai da malamansu na yankin noman rani na Kura da Bunkure. An buga shi domin waɗanda ba su sami halarta ba su karanta, su kuma karanta wa Dagatai da Masu Unguwa.

  

Na zo yau in yi magana a kan 'yar takarda guda, wadda ba ta fi tafin hannu biyu girma ba, amma ta sha jawo wa talakawanku asarar da ta fi ƙarfinsu. Ita ce takardar da ma'aikacin hanya ke rubuta wa direba sa'ad da ya kama shi da laifin tuƙi. Ina roƙo ku ba ni aron kunnuwanku, gama mai takardar nan, in ya rasa yadda zai yi, ƙofarku ya ke fara nufa.

DALILIN WANNAN MAGANA

Kun fi ni sanin yadda ƙasar nan ta sāke tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwa ya biyo magudanai ya shigo Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rani ya zama kamar damina. Tun 1976 Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ke lura da aikin. Shinkafa da alkama da albasa da tumatir suka wadata. To, amfanin gona ba ya kai kansa kasuwa. Kowane buhu da kowane kwando sai ya hau mota, ko babur, ko mai ƙafa uku, ya bi hanyar Bunkure, ko babbar hanyar Kano zuwa Zariya. Wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ya ga manyan motoci jere, ana yi musu lodi za su Ikko da sauran garuruwan Kudu.

Inda motoci suka yi yawa, nan laifin hanya ke yawa. Ga lodi fiye da ƙima, ga mutane a zaune bisa kaya, ga taya da ta suɗe, ga mai bin hannun da ba nasa ba don ƙyashin zuwa wurin juyawa. Ma'aikatan hanya kuwa suna nan a tsaye. Saboda haka ba mako da zai wuce ba a rubuta wa wani ɗan ƙasarku takarda ba.

SU WA KE BA DA TAKARDAR

Abu na farko da malamin Hakimi zai duba shi ne sunan hukumar da ke bisa kan takardar, domin kowace da ofishinta da dokarta.

Akwai Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda a ke kira FRSC. An kafa ta a 1988, kuma Majalisar Tarayya ta sabunta dokarta a 2007. Ita ce ke da alhakin lasin tuƙi da tsarin lambar mota, ita ce kuma a kan fi gamuwa da ita a hanyar Zariya. Akwai KAROTA, ta Gwamnatin Jihar Kano, wadda aka kafa a 2012, tana aiki da dokar Jiha. Akwai masu duba lafiyar motoci da a ke kira VIO. Sa'an nan ga 'yan sanda.

Wani abu guda ya kamata in faɗa game da VIO, don direbobi suna ta yaɗa shi a tasha. A watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa ma'aikatan VIO na Birnin Tarayya ba su da ikon tsare mota ko cin direba tara. Gaskiya ne an yi wannan hukunci, amma ƙarar a kan hukumar Abuja aka kai ta. Kada wani direba ya ɗauke shi ya tsaya yana musu da kowane mai kaki a Kura, yana cewa kotu ta hana a kama shi. Zai ƙara wa kansa laifi ne kawai.

Yawancin abin da zan faɗa yanzu a kan takardar FRSC ne, domin ita ce dokarta ke ɗaya ko'ina a Nijeriya. Amma tushen maganar ya shafi sauran duka.

MECE CE TAKARDAR

Jama'a da yawa suna tsammani in an rubuta wa mutum takarda shi ke nan an yanke masa hukunci. Ba haka ba ne. Takardar sanarwa ce, watau ma'aikaci yana cewa, "Na gan ka ka yi kaza, a wuri kaza, a lokaci kaza." Zargi ke nan. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda a ke tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar, kuma yana da hakkin a saurare shi a gaban kotu. Ma'aikacin hanya ba alƙali ba ne.

Saboda haka mai takarda yana da ƙofa biyu. Ko dai ya amsa laifinsa ya je banki ya biya tarar da doka ta yanka, ko kuwa ya ce bai yarda ba, a kai shi gaban Majistare. Ban da waɗannan biyu ba wata ƙofa. Wadda mutane ke ƙoƙarin buɗewa ta uku, watau miƙa 'yan kuɗi a bakin hanya, ko neman babban mutum ya sa baki a yage takarda, ita ce ke kai su ga nadama. In kun riƙe wannan kaɗai daga jawabina, zuwana ya yi amfani.

Ga kaɗan daga cikin tarar da jadawalin dokar 2007 ya yanka, domin malamai su san girman abin:

Rashin ɗaura bel na kujera, Naira 2,000.
Hawa babur ba hular kwano, Naira 2,000.
Wuce ƙa'idar gudu, Naira 3,000.
Tuƙi da suɗaɗɗiyar taya, Naira 3,000.
Amsa waya ana cikin tuƙi, Naira 4,000.
Tuƙi ba lasin, Naira 10,000.
Lodi fiye da ƙima, Naira 10,000.
Ƙoƙarin ba ma'aikaci toshiya, Naira 10,000.
Tuƙin ganganci, Naira 50,000.

Majalisa na da ikon sāke waɗannan kuɗaɗe, don haka kullum a bi abin da ke rubuce a takardar da abin da ofis ya nuna a rubuce. Amma ku dubi layi na takwas da kyau. Wanda aka kama don bel, tararsa Naira 2,000, in ya miƙa wa ma'aikaci na goro ya sayo wa kansa laifin da ya ninka na farko sau biyar. Garin gyaran gira ke nan an rasa ido. Ku sani kuma kowane laifi yana da maki da a ke rubuta wa lasin direba, in makin ya taru ana iya karɓe lasin.

A BAKIN HANYA

Ku gaya wa direbobin ƙasarku, in an ɗaga musu hannu su sauka gefen hanya su tsaya. Gudu ba ya shafe laifi, lambar mota tana nan, kuma sau da yawa wurin gudun ne a ke banke mai tafiya a ƙasa. Su nuna lasin da takardun mota da inshora. Kada su zagi ma'aikaci, kada su ɗaga masa hannu, kada kuma yaran mota su taru a kansa, domin taɓa ma'aikaci laifi ne mai zaman kansa.

In an rubuta takarda, direba ya karɓa. Ƙin karɓa ba ya amfana masa kome. Kafin ya bar wurin ya tabbata an rubuta waɗannan daidai: sunansa, lambar motarsa, irin laifin, wuri da rana da lokaci, da sunan ofishin da zai je. In an riƙe lasinsa ko takardun mota, ya ga an rubuta abin da aka riƙe. Ya lura da sunan ma'aikacin da ke ƙirjin rigarsa, da lambar motar sintiri. In yana ganin an zalunce shi, ya ɗauki hoton motarsa da wurin da wayarsa, ya riƙe sunan wanda ya ga abin da ya faru. Wanda bai iya karatu ba ya nemi wanda zai karanta masa tun ranar, kada ya naɗe takardar ya jefa a aljihun mota har wa'adinta ya wuce.

ƘOFA TA FARKO: BIYAN TARA

In mutum ya san ya yi laifin, hanya mafi sauƙi ita ce ya biya da wuri. Tun 2015 kuɗin hukumomin Tarayya asusu guda su ke shiga, a Babban Bankin Nijeriya. Ma'aikacin FRSC ba shi da izinin karɓar tara a hannu, ko a hanya ko a ofis. Ana fitar wa mai laifi lambar biya, ya kai banki ko ya biya ta waya, a ba shi rasit. Ya duba rasit ɗin ya ga sunan hukumar da adadin kuɗin sun dace da takardarsa. Duk wanda ya ba shi lambar asusu mai sunan mutum ya ce ya zuba tara a ciki, to, ba tara zai biya ba.

Daga banki sai ya koma ofishin da aka rubuta, da takardar da rasit. A can a kan zaunar da masu laifi a yi musu ɗan darasi a kan dokokin hanya, kāna a mayar musu da abin da aka riƙe. Kada dattijo ya ga wannan zama wulaƙanci ne. Ya ajiye rasit ɗin kamar yadda ya ke ajiye takardar gonarsa, don wata rana ana iya tambaya.

Haka nan in takardar ta KAROTA ce ko ta wata hukumar Jiha: a tambayi asusun Gwamnati, a biya, a karɓi rasit mai sunan hukuma. Kuɗin da ba rasit ba su shiga baitulmali ba, kuma laifin yana nan bai goge ba.

ƘOFA TA BIYU: KOTU

In kuwa mutum ya tabbata bai yi abin da aka rubuta ba, kada ya biya don tsoro. Biya amsa laifi ne. Ya je ofishin cikin wa'adi, ya nemi ganin babban ma'aikacin wurin, ya faɗi ƙorafinsa cikin ladabi, zai fi kyau a rubuce. Wani kuskuren, kamar lambar mota da aka rubuta ba daidai ba, ko lasin da aka ce ya mutu alhali da sauransa, a nan a ke gyara shi. In ba a daidaita ba, ya ce yana son a kai shi kotu. Hakkinsa ne.

Wani lokaci kuma kotun ce ke zuwa bakin hanya da kanta, ita ce a ke kira kotun tafi-da-gidanka. Kada a raina ta don an ga tana zaune ƙarƙashin rumfa. Majistare ne na sosai, hukuncinsa hukunci ne. Za a karanta wa mutum laifinsa a tambaye shi ko ya amsa. In bai ji Turanci ba yana da hakkin a yi masa tafinta, kada ya ce "na yarda" ga abin da bai fahimta ba. In ya musa, sai mai ƙara ya kawo hujja, shi ma ya kawo shaidunsa da hotunansa. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu.

Amma ku faɗa musu gaskiya: kotu ba wurin gwada sa'a ba ne. Wanda ya san ya ɗora mutum goma bisa kwandunan tumatir, ya je ya musa, zai ɓata kwanakinsa, kuma Majistare na iya yi masa hukuncin da ya fi tarar farko zafi, har da ɗauri inda doka ta ba da dama.

In ƙorafin a kan halin ma'aikaci ne, kamar neman toshiya ko duka, wannan magana ce dabam. A rubuta wa shugaban ofishinsa, ko a kai ga Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, da suna da rana da wuri. Ƙorafin da ba rana ba wuri, ba mai iya bincikensa.

IN AN TSARE MOTA DA KAYA

Nan ne maganar ta fi shafar ƙasarku. A ce an tsare motar tumatir da hantsi, saboda lodi. Tarar Naira 10,000 ce. A cikin motar kuwa akwai wahalar manoma biyar ko shida ta wata uku, da bashin taki da na iri da kuɗin ruwa. Direba ya ƙi zuwa banki, ya ce shi ɗan ƙasar Hakimi ne, sai ya kira wanda zai sa baki. Ya yini yana buga waya. Wanda ya ke nema yana wurin ɗaurin aure. Gari ya waye, aka ce a jira mai gida. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Kwana biyu a rana, ruwa ya fara tsiyaya daga ƙasan kwanduna. Da aka saki motar, abin da ya rage ko kuɗin mai bai mayar ba. Ku lissafa da kanku, kun fi ni sanin kuɗin kwando: don gudun Naira 10,000 nawa aka zubar? Manoman nan kuwa ba su ne suka yi laifin ba.

Saboda haka in an tsare mota mai ɗanyen kaya, abu biyu za a yi a sa'a guda. Wani ya tafi biyan tara, wani kuma ya nemi izinin ofis a sauke kayan a juye su a wata mota. In laifin na lodi ne, lalle sai an rage kayan kafin motar ta ci gaba, don haka a zo da ƙaramar mota tun da wuri. Ku sani kuma dokar 2007 ta sa kuɗin ajiya Naira 200 kowace rana bayan awa 24 na farko, ta kuma ce motar da aka bari wata 6 ba a zo nema ba, hukumar na iya roƙon Babbar Kotu ta mallaka mata ita.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Ranku ya daɗe, yanzu na zo kan abin da ya fi nauyin faɗa. A zamanin En'e, 'yan doka da kotunan Alƙalai a ƙarƙashin Sarki su ke, maganar Hakimi kuwa tana kwance ɗaurarre. Bayan 1966 aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya, aka mai da kotuna hannun Gwamnatin Jiha, a 1976 kuma aka yi gyaran Ƙananan Hukumomi. Yau doka ba ta ba Hakimi ikon soke takardar laifin hanya ba. Amma talaka bai bar ganinku da idon dā ba, shi ya sa ya ke zuwa ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce a taimake shi da 'yar wasiƙa.

Ina roƙonku kada ku rubuta wasiƙar nan. In ma'aikacin ya ƙi, an zubar da girman rawani a gaban yaro. In ya yarda, kun koya wa direban cewa yana da bango, gobe zai ƙara lodi ya ƙara gudu. Sa'an nan talakan da ba shi da hanyar zuwa zaurenku zai ga doka ta marasa gata ce. Ranar da motar nan ta kife da 'ya'yan mutane a kanta, ku za ku tsaya a sahun gaba wurin jana'iza.

Taimakon da za ku yi ya fi wasiƙa amfani. Malamin Hakimi ya karanta wa mutum takardarsa, ya fassara masa laifin da wa'adin da wurin zuwa. Ya tambaye shi tsakaninsa da Allah, ya yi ko bai yi ba. In ya yi, a nuna masa hanyar banki. In bai yi ba, malam ya taya shi rubuta ƙorafi da hujjojinsa. Ya buɗe littafi guda ya riƙa rubuta rana, da irin laifin, da hukumar, da wurin, da yadda aka ƙare. Bayan wata uku littafin nan zai nuna wa Hakimi abin da ba ya gani daga zaure. In laifin lodi ne ya yi yawa, sai ya kira shugabannin direbobi da 'yan kamasho da dillalan kayan gwari ya yi musu faɗa irin na uba. In kuwa wuri guda ne a ke ta kuka da karɓar kuɗi ba rasit, to, nan ne wasiƙar Hakimi ke da muhalli, ya rubuta wa shugaban hukumar da Shugaban Ƙaramar Hukuma, da ranaku a jere. Irin wannan wasiƙa ba mai jefar da ita.

Kafin kaka ta kama, ku sa Dagatai su yi shela: a sabunta lasin da takardun mota da inshora, a duba taya da birki da fitila. A tuna wa direbobi ƙa'idar gudu: cikin gari ƙaramar mota da motar haya kilomita 50 a awa, a babbar hanya tagwaye ƙaramar mota ta gida 100, motar haya 90, tirela da tanka 60. In haɗari ya auku, lambar kiran FRSC ita ce 122, kyauta ce. Rigakafi ya fi magani.

KAMMALAWA

Ba don tara kuɗi aka yi dokokin nan ba, ko da ya ke na san haka mutane da yawa ke zato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Mu ma ba sai an ba mu labarin nesa ba. Ran 31 ga Mayu, 2025, motar da ta ɗauko 'yan wasan Jihar Kano daga Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a wajen Ciromawa, a kan wannan hanya tamu, fiye da mutum 20 suka rasu, saura kaɗan su iso gida. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Hanyar da ta ci waɗannan ita ce 'ya'yanku ke bi kullum da kwanduna a bayansu.

Direban da aka rubuta wa takarda ya koma gida da ƙafarsa, ya kwana cikin iyalinsa. Ya gode wa Allah, ya biya ko ya je kotu, ya gyara abin da aka nuna masa. In ya zo gare ku, ku nuna masa ɗaya daga cikin ƙofofin nan biyu tun ranar, kafin tumatir ya ruɓe.

Allah Ya ƙara wa iyayen ƙasa lafiya da adalci, Ya ba mu damina da rani masu albarka, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.